Matcha da Tatsuniyar "Darajar Biki"

A jikin kusan kowane gwangwanin matcha da ake sayarwa a wajen Japan akwai ɗaya daga cikin kalmomin Turanci guda biyu: ko dai "ceremonial", wato na biki, ko kuma "culinary", wato na girki. Na farkon yakan ninka na biyun tsada, kuma mai saye kan miƙa kuɗinsa da natsuwar wanda ya yi imani cewa wata hukuma a Tokyo ta ɗanɗana garin ta buga masa hatimi. Babu wannan hukuma. Babu wata doka a Japan da ta fayyace abin da ake nufi da darajar biki, ba a kuma gindaya wani sharaɗi da mai sayarwa zai cika kafin ya rubuta ta ba. Duk wanda ke da koren gari da na'urar buga takarda yana da ikon liƙa kalmar a kan hajarsa, kuma da yawa sun liƙa.

Da a ce abin ya tsaya ga ɗan ƙarin kuɗin da mai sha'awa zai biya, da ba a tsaya ɓata tawada a kansa ba. Amma kalmar ta wuce nan. Ta koya wa miliyoyin masu saye su raina garin da ya dace da buƙatarsu, ta tura su rububin wanda bai dace ba, a daidai lokacin da ganyen kirki ya yi ƙaranci har tsofaffin gidajen shayi na Kyoto suka koma sayar da shi da ƙa'ida. Ya kamata a daina dogara da ita, a koma ga tambayoyin da masu sana'ar ke yi wa junansu.

Abin da ke mayar da ganye matcha

Itacen da ake samun matcha daga gare shi shi ne dai wanda ke ba da koren ganyen Sin da ake dafa ataya da shi, kuma shi ne ke ba da baƙin shayi. Bambancin yana cikin reno da sarrafawa. Kimanin mako uku kafin tsinka, wani lokaci har kwana 40 a gonakin da suka riƙe tsohuwar hanya, manomi yakan kafa wa shukar rumfa ya raba ta da mafi yawan hasken rana. A da, da asabarin kara da karan shinkafa ake yin rumfar, kuma har yau akwai masu yin haka a Uji. Mafi yawan manoma yanzu baƙar raga suke shimfiɗawa.

Inuwar nan ita ce tushen ɗanɗanon. A saiwar shayi ake samar da wani sinadari mai suna tiyanin, wanda masanin Japan Sakato Yajiro ya gano a shekarar 1949. Shi ke ba shayi garɗi da ɗan zaƙin da ke dadewa a harshe. Idan ya hau cikin ganye rana ta buge shi, sai ya riƙa juyewa zuwa sinadaran da ke kawo bauri. Ganyen da aka ɓoye wa rana yakan riƙe tiyanin ɗinsa, ya kuma ƙara kore don ya kama ɗan hasken da ke ratsowa. Saboda haka launi da ɗanɗano tare suke tafiya: garin da ya yi kore shar, da wuya ya zama mai bauri, wanda kuwa ya karkata zuwa ruwan ƙasa ko rawaya ya riga ya tona asirin kansa.

Da an tsinko ganyen sai a turara shi nan take don kada ya sauya launi, a busar da shi a cikin doguwar tanda ta bulo ba tare da an murza shi ba, sannan a fitar da itatuwa da jijiyoyinsa. Abin da ya rage sunansa tencha. Shi ake niƙawa ya zama matcha, kuma dutsen niƙa na gargajiya bai fi giram 40 yake fitarwa a awa guda ba, domin idan aka hanzarta shi zafi zai ƙona ƙamshin. Ƙaramin gwangwani mai giram 30 kusan aikin awa ɗaya ne na dutse guda. Wannan bayani, inuwa da busarwa ba murza da niƙa, shi ne abin da ƙungiyar masana'antar shayi ta Japan ta amince da shi a matsayin ma'anar matcha, kuma a 2022 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da rahoto a kan ma'anar matcha da siffofinsa. Ma'ana tana nan a rubuce. Darajar biki ce ba ta da gindin zama.

Yadda masu abin ke rarrabe shi

Garin shayi ya shiga Japan ne daga Sin. Malamin addinin Buddha mai suna Eisai, wanda ya komo daga can a 1191, shi ake jingina wa yaɗa shi, kuma a ƙarni na 16 Sen no Rikyu ya ba zaman shan shayi siffar da aka san shi da ita a yau. Manyan makarantu uku da suka fito daga zuriyarsa, Urasenke da Omotesenke da Mushanokojisenke, suna nan suna koyarwa. Idan akwai masu haƙƙin faɗin abin da ya cancanci biki, su ne. Su kuwa wata tambaya dabam suke yi: wannan gari zai yi koicha, ko iyakarsa usucha?

Usucha shi ne shayi mai ruwa-ruwa da ake kaɗawa ya yi kumfa, wanda duniya ta sani. Koicha kuwa mai kauri ne kamar kunu da ya kama jikinsa, ana zuba gari ninki biyu a cikin ruwa rabi, kuma shi ne zuciyar cikakken zaman shayi. A irin wannan kauri babu inda aibi zai ɓuya. Ɗan baurin da ba a ji a usucha yakan zama ɗaci mai tsinke harshe a koicha. Don haka gari kaɗan ne ke kai wa wannan matsayi, kuma kowane garin koicha yana iya yin usucha, amma ba kowane garin usucha ke iya yin koicha ba. Wannan ma'auni ne da harshe ke iya tabbatarwa ko ya ƙaryata, saɓanin kalmar da aka buga a takarda.

Bayan haka, kowane gidan shayi yana haɗa ganyaye daga gonaki dabam-dabam ya ba kowane haɗi suna nasa na musamman. Sunaye da yawa kan ƙare da "mukashi" ko "shiro", kuma bisa al'ada na farkon ya fi yawa a garin koicha, na biyun a na usucha. Wani haɗin ma yakan ɗauki shaidar cewa shugaban wata makaranta ya zaɓe shi. Gida irin Ippodo, wanda aka kafa a Kyoto a 1717, ko Marukyu Koyamaen na Uji, yakan jera haɗe-haɗensa hawa-hawa daga mafi tsada zuwa mafi araha. A ƙasan jerin akwai garin da ɗalibai ke atisaye da shi, sannan akwai wanda aka ware don alewa da kek da sauran abinci. Tsani ne mai matakai da yawa, kowane mataki da sunan wanda ya ɗauki alhakinsa. Kasuwar waje ta sare tsanin ta bar matakai biyu, ta kira ɗaya mai daraja, ɗaya marar daraja.

Hujjar masu kare kalmar

Masu sayarwa suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce baƙo ba zai iya haddace sunayen Japananci ba, yana buƙatar alama mai sauƙi da za ta gaya masa cewa wannan a sha shi da ruwa zalla, wancan a zuba shi a ƙullu. Gaskiya ne akwai 'yan kasuwa masu amana da ke amfani da kalmar a kan gari mai kyau ƙwarai, har da wasu kamfanonin Japan da suka ga abin da kasuwar Amurka da Turai ke nema suka bi sahu.

Matsalar ita ce alama tana da amfani ne idan marar gaskiya ba ya iya ɗaukarta kyauta. Hatimin zinariya yana da ma'ana domin akwai mai gwadawa da hukunci ga wanda ya yi algus. Kalmar da mai ganyen tsinkar fari na Uji da mai ganyen kaka na injin niƙa za su rubuta daidai wa daida, ba ta raba su ba, sai ma ta lulluɓe na biyun da rigar na farkon. Wanda ya fi cin riba da ita shi ne wanda ba ya son a tambaye shi wata da gona. Mai amanar kuwa asara yake yi, domin duk ranar da wani ya sayi "na biki" ya ji shi kamar ciyawa, zai yanke hukunci a kan matcha baki ɗaya. Sauƙin da ake cewa an yi wa baƙo cinikin biri a sama ne.

Ɓarnar da ta biyo baya

Illa ta farko ta faɗa kan garin girki. Sunan ya sa mutane suna ɗaukarsa kamar tsakin da ya rage a rariya, alhali kuwa an zaɓe shi ne don wani aiki. Ganyen tsinka ta biyu, wanda ya fi shan rana, yana da ƙarfi da bauri, kuma wannan ƙarfi ne ke sa a ji shi a cikin madara da sukari da man shanu. Garin koicha, da duk laushinsa da garɗinsa, da zarar an tsiyaya masa kofin madara ya nutse. Wanda ya biya kuɗin ganyen da aka tsinka da hannu a ƙarƙashin asabari, ya kaɗa shi a madarar da aka cika da sukari, ya sayi alkyabba ne ya shiga gona da ita. Abin sha ɗin ma bai fi na mai araha daɗi ba, sau da yawa ya fi shi lami.

Illa ta biyu ta fi girma. Japan ta ƙara noma ƙwarai: alƙaluman ma'aikatar gona sun nuna abin da ake samarwa ya tashi daga tan 1,471 a 2010 zuwa tan 4,176 a 2023, kuma koren shayin da ƙasar ta fitar waje a 2024 ya kai yen biliyan 36.4, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Jihar Kagoshima da ke kudu, mai shimfiɗaɗɗun gonakin da inji ke shiga, ita ce yanzu kan gaba wajen noman tencha. Amma ƙarin bai shafi saman tsani yadda ya shafi ƙasansa ba. Ganyen koicha sau ɗaya ake tsinkarsa a shekara, a bazarar Japan, tsakanin Afrilu da Mayu. Sabuwar shuka tana ɗaukar kimanin shekara biyar kafin ta ba da amfani, manoma suna tsufa, matasa ba su cika gadonsu ba, kuma dutse ba ya sauri don kasuwa ta matsu. A kakar 2024 Ippodo da Marukyu Koyamaen suka taƙaita adadin da mutum ɗaya zai iya saya, a 2025 kuma farashin tencha a gwanjon Kyoto ya yi tashin gwauron zabi. Zafin yanayi da kwararar masu yawon buɗe ido suna da nasu kason. Sai dai ba za a wanke kalmar da ta gaya wa duniya cewa gari iri ɗaya ne tak ya cancanci mutum mai mutunci ba. Malamin shayi da ke buƙatar ɗan gari don baƙinsa yana gogayya da mai neman koren kofi don hoton Instagram, kuma na biyun ba ya ma buƙatar abin da yake ƙwacewa.

Tambayoyin da suka fi kalmar amfani

Tambaya ta farko ita ce me za a yi da garin, domin amsarta ce ke nuna matakin da za a tsaya. Mai son shan sa da ruwa zalla ya nemi tsinkar fari, wadda Japanawa ke kira ichibancha. Mai haɗawa da madara ya nemi gari na tsakiya mai ƙarfi, ya adana kuɗinsa. Mai toya kek ya ɗauki na girki ba tare da jin kunya ba. Koicha kuwa sai wanda ya san yana son sa.

Ta biyu ita ce wuri. Uji a jihar Kyoto, Nishio a Aichi, Yame a Fukuoka da Kagoshima duk sanannu ne, kowanne da halinsa. Nan ma akwai buƙatar lura, domin ƙa'idar sunan shayin Uji ta amince da ganyen da aka noma a jihohi huɗu, Kyoto da Nara da Shiga da Mie, muddin a Kyoto aka sarrafa shi. Sin ma tana noman matcha mai yawa, musamman a Tongren da ke lardin Guizhou, kuma wannan ba laifi ba ne idan an faɗa. Laifin shi ne gwangwani mai hoton dutsen Fuji da ba ya faɗin inda ganyen ya fito.

Ta uku ita ce iri da mai haɗawa. Samidori da Asahi da Goko da Ujihikari iri ne da aka zaɓo a yankin Uji don noman inuwa, Okumidori da Saemidori ma suna da farin jini. Ba dole ba ne a haddace su, amma mai sayarwar da ya iya faɗin iri, ko sunan gidan da ya yi haɗin, ya nuna ya san hajarsa. Wanda bai da abin faɗa sai "na biki" ya ba da amsa ta wata hanya.

Ta huɗu ita ce ranar niƙa. Tencha yana jure ajiya, har ma a al'ada akan rufe shi a tulu ya yi bazara, sai watan Nuwamba a fasa bakin tulun da shagali. Amma da zarar an niƙa shi, iska da haske da zafi da danshi suna fara cinye shi. Garin da ya fi kowane tsada, idan ya yi wata shida a kan kanta cikin kwalba mai haske, ya koma bayan sabon gari mai araha. A garuruwa masu zafi irin Kano ko Yamai wannan batu ya fi kowane muhimmanci: a sayi ƙaramin gwangwani, a rufe shi ruf a firiji, a bar shi ya huce sanyinsa kafin a buɗe don kada raɓa ta shiga, a kuma ƙarar da shi cikin kimanin wata guda.

Bayan an buɗe, ido da yatsa da hanci sun isa shaida. Kore mai haske, laushi kamar hoda idan aka shafa a takarda, da ƙamshi mai daɗi marar warin busasshiyar ciyawa.

Hannu yana iya ɓata abin da gona ta gyara

Yawancin waɗanda suka ce matcha ɗaci ne da shi, ruwan zafi ne ya cuce su. Hannun da ya saba da ataya, inda ake tafasa ganye har ya saki duk abin da ke cikinsa sannan a kashe ɗacin da sukari, sai ya sake koyo. Tafasasshen ruwa yana fizgo bauri ya kori ƙamshi. Abin da ake so shi ne ruwan da ya tafasa ya sauka zuwa wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, kuma juya shi daga buta zuwa wani kofi mai sanyi kafin a zuba ya isa ya rage masa kaifi.

Don usucha, a ɗumama kwano da ruwan zafi, a jiƙa bakin maburgin gora da ake kira chasen don ya yi laushi, a zubar da ruwan a goge kwanon ya bushe. A tankaɗe gari giram 2 a ƙaramar rariya, domin matcha yana dunƙulewa kuma gudajin da ya shiga ruwa ba ya narkewa. A zuba ruwa mililita 60 zuwa 70, a kaɗa gaba da baya da wuyan hannu, da sauri, ba tare da an danna maburgin a gindin kwano ba, na kimanin daƙiƙa 15 zuwa 20. A sha nan take, domin garin ba narkewa yake yi ba, yawo yake a cikin ruwa, kuma idan aka bar shi zai kwanta. Yawan kumfa ma ba ma'auni ba ne: mabiya Urasenke suna rufe fuskar shayin da kumfa, na Omotesenke kuwa suna barin wani sashe ba kumfa, kuma babu mai cewa ɗayansu bai iya ba.

Don koicha, gari giram 4 ne a ruwa mililita 30 zuwa 40, kuma ba a kaɗa shi, ana dama shi ne a hankali har ya yi santsi da sheƙi. Nan ne kaɗai tsadar gari ke biyan kuɗin sabulu. Don haɗin madara kuwa, a fara dama garin tsakiya da ɗan ruwan ɗumi ya zama ba gudaji, sannan a zuba madara. Maburgin kansa abin girmamawa ne: daga guntun gora ɗaya ake fere shi da hannu, kuma ƙauyen Takayama da ke jihar Nara ya shafe kusan shekara 500 yana wannan sana'a. A wanke shi da ruwa kawai, a bar shi ya bushe a iska.

Wanda ya kiyaye waɗannan, da gari na tsakiya mai sabuwar niƙa, zai sha abin da ya fi na wanda ya sayi mafi tsada ya ƙona shi da tafasasshen ruwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kalmar darajar biki ba za ta ɓace don an yi mata raddi ba, tana kawo kuɗi. Abin da ke hannun mai saye shi ne ya daina biyan kuɗinta. Ya tambayi wuri da wata da iri da ranar niƙa, ya faɗi abin da zai yi da garin, ya saurari amsa. Mai sayarwa na ƙwarai zai ji daɗin tambayar, wataƙila ma ya nuna masa gwangwani mai rahusa. Idan masu saye da yawa suka yi haka, garin koicha zai koma kwanon da aka noma shi dominsa, garin girki ya sami mutuncinsa, manomin da ya yi kwana 40 yana gyara asabari kuma a biya shi don aikin da ya yi, da sunan gonarsa a jikin gwangwani.